Theodor Billroth: Likitan Da Ya Fara Yanke Tumbi Aka Rayu, Da Tambayar Kaluluwa Da Ya Bar Wa Na Baya

A gidan tarihin ilimin likitanci na Josephinum da ke birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, akwai wasu tsokoki biyu da aka adana tun shekarar 1881. Ta farko wani yanki ne na tumbin wata mata, mai tsawon santimita 14, wanda aka yanke mata ranar 29 ga Janairu na wannan shekara saboda ciwon daji ya toshe mafitarsa. Ta biyu kuwa ragowar tumbin nata ne, wanda aka ciro bayan rasuwarta, wata huɗu kacal da yin aikin. Wanda ya dubi ta farko zai ga abin da babu likitan da ya taɓa yi mara lafiya ya tashi da ƙafarsa kafin ranar. Wanda ya dubi ta biyu zai ga ɗinki ya haɗe, ya warke sarai, amma duk da haka mai tumbin ta riga mu gidan gaskiya. Mutumin da ya riƙe wuƙar shi ne Theodor Billroth, kuma tambayar da mutuwar matar ta haifar ta fi shi tsawon rai: in an zo yanke daji daga tumbi, ina ya kamata wuƙa ta tsaya bayan an cire ƙullutun da ido ke gani?

An haifi Christian Albert Theodor Billroth ranar 26 ga Afrilu, 1829, a garin Bergen da ke tsibirin Rügen a arewacin Jamus ta yau. Mahaifinsa malamin coci ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara biyar, ya bar uwa da 'ya'ya maza biyar, Theodor ne babbansu. Uwar ta kwashe su zuwa Greifswald, inda ya yi makaranta ba tare da ya burge kowa ba. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne kiɗa, kuma da an bar shi da son ransa da makaɗi zai zama. Gida aka matsa masa ya karanta likitanci, sana'ar da za ta riƙe marainiyar zuriya. Ya fara a Greifswald, ya bi malaminsa Wilhelm Baum zuwa Göttingen, ya kammala a Balin a 1852. Da ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya na ƙashin kansa a birnin, sai da ya shafe wata biyu babu wanda ya leƙo. Wannan rashin kasuwa ne ya kai shi ga Bernhard von Langenbeck, babban likitan fiɗa na Jamus a lokacin, wanda ya yi wa mataimaki daga 1853 zuwa 1860.

Shekarun Balin su ne suka bambanta shi da tsararrakinsa. Likitocin fiɗa na zamanin mutane ne masu saurin hannu, ana auna gwanintarsu da mintocin da suke ɗauka su yanke ƙafa. Billroth kuwa, in an cire ƙari daga jikin mutum, sai ya ɗauke shi ya yanka siriri-siriri ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya kwana yana kallo yana zanawa. Ya yi nisa a wannan fanni har saura ƙiris ya bar fiɗa ya zama masanin binciken cututtuka. Cikin gaɓoɓin da ya fi daɗewa a kansu akwai saifa da kaluluwa. Har yau wasu zare-zaren tsoka da ke cikin saifa sunansa suke ɗauke da shi a littattafan likitanci, kuma shi ne a 1871 ya raɗa wa dajin da ke tasowa daga kaluluwa sunan da likitoci ke kiransa da shi, wato limfoma mai muni.

Kaluluwa ba baƙuwa ba ce ga kowa. Wanda ya taɓa jin ciwo a ƙafa ya ga wani ƙullutu ya taso masa a matsematsi, ko ya yi ƙurji a hannu ya ji hammatarsa ta kumbura, ya san ta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, irin waɗannan ƙullutai ɗaruruwa ne a jikin ɗan Adam, kuma gungu-gungu daga cikinsu suna kewaye da tumbi, a lulluɓe cikin kitse, wasu manne da bangonsa, wasu jere a kan jijiyoyin jini da ke kawo masa abinci. Aikinsu tace wani ruwa garai-garai da ke tsatsowa daga tsokar jiki ta wasu siraran hanyoyi kafin ya koma cikin jini. Duk abin da ya biyo ruwan, ƙwayar cuta ce ko ƙwayar daji, a nan yake fara maƙalewa. Tun a 1848 Rudolf Virchow ya lura cewa dajin da ke cikin ciki yakan aika saƙonsa har zuwa wata kaluluwa da ke saman ƙashin wuya na hagu. Ke nan Billroth ya shiga aikin tumbi yana sane da wannan hanya, ko da yake a zamaninsa babu wanda ya zana taswirarta.

A 1860 aka naɗa shi farfesan fiɗa a Zurik ta ƙasar Suwizalan yana ɗan shekara 31. A can ya rubuta littafinsa na laccoci hamsin kan cututtukan fiɗa da maganinsu, wanda ya fito a 1863, aka yi ta sake buga shi, aka kuma fassara shi zuwa harsuna da dama. A can ne kuma ya ɗauki wata ɗabi'a wadda ta fi littafin tasiri. Al'adar likitoci ita ce su wallafa labarin waɗanda suka warke, su yi gum game da waɗanda suka mutu. Shi sai ya tattara lissafin duk wanda ya ratsa ta hannunsa a shekarunsa bakwai na Zurik, mai rai da matacce, ya buga, har da kurakuran da shi kansa ya tafka. Ya kuma nace a riƙa bin sawun mara lafiya bayan an sallame shi, domin wanda aka rubuta ya warke ranar sallama yana iya kasancewa a kabari bayan shekara guda. Ɗalibinsa Alexander von Winiwarter ya yi irin wannan lissafi kan dajin nono a 1878, kuma sakamakon bai yi daɗin ji ba: fiye da kashi 80 cikin 100 na matan da aka yi wa aiki ciwon ya dawo musu a wurin da aka yanke. Ba a ɓoye adadin ba. Likitan da ke son suna ba ya buga irin wannan lissafi, kuma wannan kaɗai ya isa a gane irin mutumin da ake magana a kansa.

A 1867 ya koma Viyana ya karɓi shugabancin sashen fiɗa na biyu a babban asibitin birnin, kujerar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Viyana ta dace da shi ta fuska biyu, domin ita ce cibiyar likitanci, ita ce kuma cibiyar kiɗa. Tun a Zurik ya ƙulla abota da shahararren mai tsara kiɗa Johannes Brahms, kuma a gidan Billroth aka fara kaɗa da yawa daga cikin sababbin ayyukan Brahms kafin jama'a su ji su. Billroth gwanin fiyano ne, ya kuma koyi goge irin na Turawa domin ya riƙa shiga cikin makaɗa huɗu da ke haɗuwa a falonsa. A 1873 Brahms ya sadaukar masa da wasu kiɗe-kiɗensa guda biyu na masu goge huɗu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, ya bar wannan jin daɗi ya tafi aikin sa kai a asibitocin sojoji na Weissenburg da Mannheim.

Akwai tabon da tarihinsa ba zai wanku daga gare shi ba. A littafin da ya rubuta kan koyar da likitanci a jami'o'in masu magana da Jamusanci, wanda ya fito a 1876, ya yi kalaman ƙasƙanci ga ɗalibai Yahudawa matalauta da ke zuwa Viyana daga yankin Galishiya da Hangare, yana nuna cewa ba su cancanci sana'ar ba, kuma ba za su taɓa zama Jamusawa ba. Maganar ta tayar da hatsaniya a jami'ar, ta kuma zama makami a hannun ƙungiyoyin ɗalibai masu ƙyamar Yahudawa, domin ta fito daga bakin mutumin da ake ganin girmansa. A ƙarshen rayuwarsa ya shiga ƙungiyar da aka kafa a Viyana a 1891 domin yaƙi da wannan ƙiyayya. Sauya ra'ayin gaskiya ne, amma wutar da ya taimaka aka hura ba ta jira shi ba.

Ta fannin ƙwayoyin cuta ma ya yi tuntuɓe. A 1874 ya wallafa bincike mai tsawo inda ya ɗauka cewa ƙwayoyin da ke ruɓar da rauni duk iri ɗaya ne da ke sauya kama. Bai yi daidai ba, ko da yake a cikin binciken ne ya raɗa wa ƙwayar sitireftokokus sunanta. Ya kuma yi jinkirin karɓar tsarin Joseph Lister na wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik, sai da ya ga sakamako a hannun wasu sannan ya miƙa wuya. Ba don ya miƙa wuyan ba, da buɗe ciki bai yiwu ba.

Hanyarsa zuwa tumbi ta biyo ta wuya. Ya fara gwada yanke bututun abinci a jikin karnuka, sannan ranar 31 ga Disamba, 1873, ya cire wa wani malami ɗan shekara 36 maƙogwaro ɗungurungum saboda daji, aikin da ba a taɓa yi ba. Mataimakinsa Carl Gussenbauer ya ƙera wa mutumin wata na'ura da ya riƙa magana da ita. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo ya kashe shi. Wannan shi ne salon da zai maimaita kansa: hannu ya yi nasara, cuta ta yi galaba.

Tsoron da ake yi game da tumbi shi ne ruwan da ke narkar da abinci zai cinye zaren ɗinki, abin da ke ciki ya kwarara, mutum ya mutu. Billroth bai yi gaggawa ba. Ya sa Gussenbauer da Winiwarter suka yi ta yanke mafitar tumbin karnuka suna ɗinkewa, har suka tabbatar da cewa ɗinkin yana riƙewa, dabbar kuma tana ci tana rayuwa. Sannan suka koma ɗakin ajiyar takardun binciken gawa na asibitin, suka tono bayanan mutum sama da 900 da dajin tumbi ya kashe cikin shekaru fiye da hamsin. Sun gano cewa fiye da rabi ciwon yana daidai mafitar tumbi ne, inda hannu zai iya kaiwa, kuma a cikin waɗannan akwai kaso mai kauri da suka mutu ba tare da an ga ciwon ya bazu zuwa wasu gaɓoɓi ba. Yunwa ce ta kashe su, domin hanya ta toshe. Sun wallafa wannan a 1876. Kafin Billroth ya gama shiri wasu suka riga shi gwadawa. Jules Péan ya yi aikin a Faris a 1879, mara lafiyar ya rasu a rana ta biyar. Ludwik Rydygier ya yi a garin Chełmno na ƙasar Folan ta yau a Nuwamba 1880, nasa bai wuce awa 12 ba.

Matar da aka kawo wa Billroth a farkon 1881 'yar shekara 43 ce, uwar 'ya'ya takwas. Ta shafe watanni tana amai, ta rame ta zama ƙashi da fata, ba ta iya tashi daga gado. Ana iya taɓa ƙullutun ta saman fatar cikinta, kuma yana motsi in an tura shi, alamar da ta nuna bai manne da abin da ke bayansa ba. Aka yi mata bayanin haɗarin, ta amince. Aka sa ta barci da kuloroform, aka tsaga cikin daidai kan ƙullutun, aka ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, aka raba tumbin da mayafin kitsen da ke rataye da shi, aka yanke shi ta sama da ƙarin, aka yanke farkon ƙaramin hanji ta ƙasa da shi. Sai aka tsuke bakin tumbin har ya yi daidai da bakin hanjin, aka haɗa su da ɗinki sama da hamsin na zaren siliki da aka jiƙa a kabolik. Aikin ya ɗauki awa ɗaya da rabi. Da aka duba yankin da aka cire, ƙofar da abinci ke bi ta tsuke har da ƙyar tsinken gashin tsuntsu ke ratsa ta.

Matar ta farka. Aka fara ba ta madara cokali-cokali, ba ta amayar ba. Kwana shida da yin aikin, ranar 4 ga Fabrairu, Billroth ya aika wasiƙa ga mujallar likitoci ta mako-mako ta Viyana yana ba da labari. Ya yi taka-tsantsan a cikinta: ya jingina nasarar ga gwaje-gwajen ɗalibansa na shekaru, ya kuma nuna cewa abin da aka tabbatar shi ne aikin yana yiwuwa, batun ko ciwon zai dawo kuwa lokaci ne zai nuna. Bayan kimanin mako uku matar ta koma gida tana cin abinci. A watan Mayu ta rasu. Binciken gawa ya nuna mahaɗar tumbi da hanji lafiya lau take, amma dajin ya riga ya watsu a cikin cikinta.

A nan ne ya kamata a yi wa Billroth adalci ta ɓangarori biyu. Aikin da ya yi na cire abin da ido ya gani, hannu ya taɓa ne. Kwashe kaluluwar da ke kewaye da tumbi bisa tsari, wadda ta kumbura da wadda ba ta kumbura ba, ba ya cikin shirinsa, alhali ƙwayar daji tana iya zama a cikin kaluluwar da girmanta bai kai ƙwayar gero ba. Sai dai a 1881 babu ƙarin jini, babu ruwan da ake sa wa a jijiya, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma duk mintin da aka ƙara ƙarƙashin kuloroform mataki ne zuwa kabari. Mutum biyu da ya yi wa irin aikin bayan matar nan ba su daɗe ba suka mutu. A shekaru goma na farko kusan rabin waɗanda aka yanke wa tumbi a sashensa ba su tsallake aikin ba. Likitan da ke fama da irin wannan lissafi ba shi da sararin tunanin faɗaɗa yanka.

Abin da sashen nasa ya fi mayar da hankali a kai shi ne yadda za a maido da hanyar abinci. A cikin 1881 ɗin, mataimakinsa Anton Wölfler ya buɗe cikin wani mara lafiya ya tarar ƙarin ya wuce cirewa, sai ya jawo hanji ya liƙa shi a jikin tumbi, abinci ya riƙa kewaye toshewar. Ranar 15 ga Janairu, 1885, Billroth ya haɗa dabarun biyu: ya yi wannan kewayen, ya cire ƙarin, ya toshe bakin farkon hanji. Hanyar farko ita ake kira Billroth ta ɗaya, wannan kuwa Billroth ta biyu. Ta biyun ta 'yantar da likita daga damuwar ko bakin tumbi zai kai ga bakin hanji, don haka yana iya yanke tumbi da yawa yadda ciwon ya buƙata.

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga gine-gine da horar da mutane. Ya yi fafutukar kafa makarantar horar da mata aikin jinya wadda ba ta ƙarƙashin coci, aka buɗe ta da asibitinta na Rudolfinerhaus a 1882, ya kuma rubuta littafin jinya a gida da asibiti. A wannan shekara aka nemi ya gaji Langenbeck a Balin, ya ƙi barin Viyana. A 1887 ciwon huhu mai tsanani ya kwantar da shi, ya tashi amma zuciyarsa ba ta koma daidai ba. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin Viyana, ya tsaya aka gina mata mazaunin da aka buɗe a 1893, wanda har yau ake kira gidan Billroth. Abotarsa da Brahms ta yi sanyi a waɗannan shekaru, amma bai bar kiɗa ba: yana cikin rubuta littafi kan abin da ke sa mutum ya zama mai kunnen kiɗa ajali ya cim masa, abokinsa Eduard Hanslick ne ya fitar da shi daga baya. Ya rasu ranar 6 ga Fabrairu, 1894, a garin Abbazia na bakin teku, wanda yau ake kira Opatija a ƙasar Kuroshiya, yana da shekara 64. An binne shi a babbar maƙabartar Viyana.

Tambayar kaluluwa ɗalibansa ne suka ɗauke ta. Jan Mikulicz, wanda ya ƙera na'urar leƙa tumbi a 1881 yana sashen Billroth, ya tsaya gaban taron likitocin fiɗa na Jamus a 1898 ya zayyana hanyoyin da dajin tumbi ke bi ya bazu, ya kuma nace cewa dole a cire kaluluwa tare da tumbin. Bernard Cunéo a Faris a 1900, da Jamieson da Dobson a birnin Leeds na Ingila a 1907, suka zana taswirar hanyoyin. Ba'amurke William Halsted, wanda ya zauna a Viyana yana matashi ya halarci laccocin Billroth, ya wallafa tsarinsa na cire nono tare da tsoka da kaluluwar hammata a shekarar da Billroth ya rasu, kuma cikin hujjojinsa har da wancan mummunan lissafi na Winiwarter. Daga nan ra'ayi ya kafu cewa gwargwadon faɗin yanka, gwargwadon waraka. A shekarun 1950 wasu likitoci a Amurka da Kanada sun kai ga cire tumbi gaba ɗaya tare da saifa da wani ɓangare na fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Mace-mace suka yi yawa, Turawan Yamma suka ja da baya.

Japan ce ba ta ja da baya ba, domin a can dajin tumbi shi ne kan gaba wajen kisa a tsakanin cututtukan daji na tsawon shekaru. Tamaki Kajitani na asibitin Cibiyar Daji da ke Tokyo ya shafe rayuwarsa yana kwashe kaluluwa bisa tsari yana rubuta abin da aka samu a kowace. A 1962 likitocin ƙasar suka kafa ƙungiyar binciken dajin tumbi, suka raba kaluluwar yankin zuwa tashoshi 16, kowace da lambarta. Daga wannan tsari aka samu sunayen da ake muhawara a kansu. D1 shi ne a cire tumbi da kaluluwar da ke kusa da bangonsa. D2 shi ne a ƙara da waɗanda ke jere a kan manyan jijiyoyin jini masu zuwa hanta da saifa, da gindin da suka tsiro. Sakamakon Japan ya fi na Turai nesa ba kusa ba, amma masu shakka suka ce marasa lafiyar Japan sun fi zuwa da wuri, sun fi ƙarancin ƙiba, kuma wanda ya cire kaluluwa da yawa ya fi sanin ainihin matakin ciwon, abin da kan gyara lissafi ba tare da ya ƙara wa kowa kwana ba.

Hanyar warware gardamar ita ce wadda Billroth ya koyar, wato a ƙirga kowa a kuma bi sawunsa. Tsakanin 1989 da 1993 asibitoci 80 a ƙasar Holan suka raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa mutum 711 aiki da niyyar warkarwa, aka kuma gayyato likita Mitsuru Sasako daga Japan ya koya musu D2. Sakamakon farko ya girgiza magoya bayan babban aiki: kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa D2 sun mutu sanadiyyar tiyatar, a D1 kuwa kashi 4. Irin wannan gwaji a Birtaniya kan mutum 400 ya ba da kashi 13 da kashi 6.5, kuma bayan shekara biyar babu ɓangaren da ya fi wani yawan masu rai. Da aka tsananta bincike sai aka gano cewa mafi yawan ɓarnar daga cire saifa da wutsiyar fankiriyas take, waɗanda a lokacin ake haɗawa da D2 in za a cire tumbi gaba ɗaya, sai kuma rashin sabon likitocin da kowannensu bai yi aikin sau da yawa ba. Likitocin Holan ba su rufe littafin ba. Bayan shekara 15, a rahoton 2010, sai aka ga dajin tumbi ya kashe kashi 48 cikin 100 na 'yan D1, amma kashi 37 na 'yan D2, kuma ciwon ya fi dawowa a wurinsa ga waɗanda aka yi wa ƙaramin aiki. Da an tsaya a shekara biyar, da an yanke hukuncin da ba daidai ba.

Japanawa da kansu suka gwada ɗaya iyakar. Sun raba mutum 523, aka yi wa rabi D2, aka ƙara wa rabi da kwashe kaluluwar da ke gefen babbar jijiyar jini ta bayan ciki. Rahoton 2008 ya nuna masu rai bayan shekara biyar kusan kashi 69 ne a nan, kashi 70 a can, wato ƙarin yankan bai sayo komai ba sai tsawon aiki da zubar jini. Wani gwajin nasu kan mutum 505, wanda ya fito a 2017, ya nuna cire saifa ba ya ƙara kwana ga mafi yawan masu daji a saman tumbi. Matsayar da ƙungiyoyin likitoci na Asiya da Turai suka tsaya a kai yau ita ce D2 ga dajin da ya ratsa cikin bangon tumbi amma bai bazu nesa ba, a bar saifa da fankiriyas sai in ciwon ya taɓa su, a yi aikin a asibitin da ya saba yin sa, a haɗa da magungunan daji kafin tiyata ko bayanta, a kuma tabbatar an duba kaluluwa akalla 16 a ƙarƙashin madubi kafin a faɗi matakin ciwon. Dajin da aka kama tun yana saman fatar tumbi ta ciki kuwa ƙaramin aiki ya ishe shi, wani ma ta na'urar leƙa tumbi ake ɗebe shi ba tare da an tsaga ciki ba.

A asibitocin koyarwa na Najeriya ɗaliban fiɗa suna haddace Billroth ta ɗaya da ta biyu kamar takwarorinsu na ko'ina, amma sau da yawa muhawarar D1 da D2 ba ta ma tasowa a kan teburin tiyata. Da yawa daga cikin masu dajin tumbi sukan iso ne bayan sun daɗe suna shan maganin gyambon ciki, sun rame, amai ya ƙi tsayawa, ciwon kuma ya riga ya manne ko ya bazu. A irin wannan hali abin da ya rage wa likita shi ne kewayen da Wölfler ya yi a 1881, domin mara lafiya ya samu ya ci abinci a kwanakin da suka rage masa.